Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, a gano inda take tsayawa wajen shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan wata matsala da ke cinye wa ma'aikata, ɗalibai da masu shagunan buga takardu lokaci kullum safiya. Mutum ya kunna kwamfuta, ya rubuta kalmar sirri, ya danna Enter, sannan ya zauna yana kallon ɗigogi suna zagayawa a ƙarƙashin kalmar Welcome, minti uku, minti biyar, wani lokacin har goma, kafin allon aiki ya fito. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganin da aka saba bayarwa. Da an kai na'urar wajen mai gyara, tun kafin a kunna ta sai ka ji an ce a yi mata fomatin. A goge komai, a sake ɗora Windows, a karɓi kuɗi. Mai kaya ya rasa manhajojinsa, wani sa'in har da takardun da ya yi shekaru yana tarawa, bayan sati biyu kuma nauyin ya dawo, domin ba a taɓa abin da ya haddasa shi ba. Mu da muke cikin wannan sana'a abin yana damunmu, don yana zubar mata da mutunci. Dalilan jinkirin shiga sanannu ne, kuma Windows da kanta tana rubuta yawancinsu ga duk mai son karantawa.

Kayan aikin farko agogo ne, wanda ke cikin wayar kowa. A auna lokaci uku daban-daban: daga danna maɓallin kunnawa zuwa fitowar allon da ake rubuta kalmar sirri, daga danna Enter zuwa fitowar allon aiki, sannan daga fitowar allon aiki zuwa lokacin da za a danna folda ta buɗe nan take. Mutane kan haɗa ukun su ce kwamfuta tana da nauyi, alhali kowanne da masu laifinsa. A yi awon ta hanyar Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda idan an ce wa kwamfuta ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta ajiye wani ɓangare na halin da take ciki a faifai ta ɗauko shi in an kunna. Saboda haka direban da ya rikice jiya, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar, zai iya tashi da rikicinsa yau. Restart ne ke farawa daga tushe. Idan an lura cewa bayan Restart shiga na sauri amma bayan Shut down yana jinkiri, a shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, a cire alamar da ke kan Turn on fast startup, a sake gwadawa.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a zango na biyu, tsakanin Enter da allon aiki. Windows tana tantance kalmar sirri. Daga nan sashen User Profile Service ya ɗauko furofayil ɗin mai shiga, musamman wani ɓoyayyen fayil mai suna NTUSER.DAT da ke cikin foldarsa a C:\Users, wanda a ciki ne duk saitunansa suke. Idan kwamfutar ofis ce, sai a zartar da dokokin Group Policy, wato saitunan da ofis ya gindaya wa kwamfutocinsa. Sai userinit.exe ya tashi, ya nemi haɗawa da faifan ajiya na netwok da aka saba haɗawa da su, ya tada explorer.exe, wanda shi ne ke zana allon aiki da sandar ƙasa. Bayan haka ne manhajojin da suka sa kansu a layin tashi suke rububin fitowa. Kowane mataki a nan zai iya tsayawa jiran wani abu, kuma yanayin jiran yana faɗin abubuwa da yawa. Jinkirin da ke zuwa daidai wa daida kowane lokaci, daƙiƙa 30 cif, ko 60, ko 90, alama ce ta cewa Windows tana jiran amsar da ba za ta zo ba har wa'adin da aka yanka ya cika. Jinkirin da yau minti biyu gobe minti shida, fitilar faifai kuma tana kunne ba ƙiftawa, alama ce ta na'urar da aiki ya fi ƙarfinta.

Akwai misali sananne daga Windows 7. Lokacin da ta fito a 2009, duk wanda ya cire hoton bango ya sa launi ɗaya zalla sai allon Welcome ya tsaya masa daƙiƙa 30. Raymond Chen, injiniyan da ya daɗe yana aiki a Microsoft, ya bayyana dalilin a 2025: tsarin shiga yana jiran kowane sashe ya ce ya shirya, sashen hoton bango kuma an rubuta shi ne yadda sai ya ɗora hoto yake ba da wannan sanarwa. Babu hoto, babu sanarwa, sai a jira wa'adin ya cika. An gyara wannan tun Nuwambar 2009, amma yana nuna cewa kwamfuta lafiyayya garau za ta iya jinkiri ba tare da bairos ko lalacewar komai ba.

Hanya mafi sauƙi ta sanin inda ake tsayawa ita ce a sa Windows ta daina nuna Welcome kawai, ta riƙa faɗin abin da take yi. A Windows nau'in Pro, a danna maɓallin Windows tare da R don akwatin Run ya buɗe, a rubuta gpedit.msc, a bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, a kunna Display highly detailed status messages. Nau'in Home ba shi da gpedit, don haka sai a buɗe regedit, a je HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System, a ƙirƙiri sabon DWORD mai suna VerboseStatus, a ba shi lamba 1. Daga nan, wajen shiga za a riƙa ganin rubutu irin su Please wait for the User Profile Service ko Applying user settings ko Preparing Windows. Duk rubutun da ya daɗe a allo, wajensa za a nufa. Wanda bai saba da regedit ba kada ya taɓa wani layi ban da wannan.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, akwai gwaji uku da ba sa cin ko sisi. A cire duk abin da aka soka a USB: filash, faifan waje, firinta, modem, har da katin ajiya da aka manta a raminsa. Faifan waje mai ciwo yana iya riƙe explorer.exe minti guda yana ƙoƙarin karanta shi. Sannan a yanke netwok gaba ɗaya, a zare waya, a kashe Wi-Fi tun daga allon shiga, a gwada. Idan shiga ya yi sauri ba netwok, an gano ɓangaren da matsalar take. Na uku, a buɗe sabon asusu. A buɗe Command Prompt da ikon administrator, a rubuta net user gwaji * /add, a ba shi kalmar sirri. Shigar farko a sabon asusu dole ta daɗe, domin a lokacin ake gina furofayil, saboda haka a fita a sake shiga, a auna ta biyun. Idan sabon asusu na shiga cikin daƙiƙa kaɗan tsohon kuma yana ɗaukar minti huɗu, na'urar lafiyarta ƙalau, ciwon yana cikin furofayil ɗin mai ita ko manhajojin da ke tashi da sunansa. Idan duka biyun suna jinkiri, sai a koma kan na'urar da Windows ɗin kanta.

A nan za mu ɗan daɗe, domin a kwamfutocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, wato na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, faifan ajiya ne babban mai laifi. Da allon aiki ya fito a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance, a danna Disk. A duba abu uku: nau'in faifan, HDD ne ko SSD; Active time; da Average response time. Faifan HDD na laftof yawanci yana juyawa sau 5400 a minti, kuma yana da hannu guda mai kai-komo a kan faranti yana neman bayanai. Idan babban fayil ɗaya zai karanta a jere, yana iya ba da wajen megabait 100 a daƙiƙa. Amma shiga Windows ba karatun jere ba ne, dubban ƙananan fayiloli ne warwatse, kuma a irin wannan aiki HDD bai cika wuce karatu ɗari a daƙiƙa ba. Kamar mai shago ɗaya ne da masu saye talatin suka yi masa caa a lokaci guda, kowa na kiran kaya daga lungu daban. SSD ba shi da abin da ke motsi, ko mai arha na SATA yana yin irin wannan karatu dubbai masu yawa a daƙiƙa, a jere kuma yana kai wajen megabait 500. Idan Active time ya tsaya a kashi 100 na tsawon mintuna bayan shiga, Average response time kuma yana nuna ɗaruruwa ko dubban milisakan, to faifan ne ya shaƙe.

Sai dai shaƙewa iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne abin da ke tsakanin ceto takardun mutum da asararsu. Akwai faifan da aiki ya yi wa yawa, akwai wanda yake mutuwa. A sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, a duba lafiyar faifan. Layuka uku ne abin lura: 05, wato adadin gurabun da suka lalace aka musanya su, C5, waɗanda ake shakkar su ana jiran hukunci, da C6, waɗanda aka kasa gyarawa. Idan manhajar ta nuna Caution da launin rawaya, ko adadin C5 da ke ƙarƙashin Raw Values ya wuce sifili yana kuma ƙaruwa, faifan na kan hanyarsa. Idan gurbin da ya lalace ya faɗo a kan NTUSER.DAT, faifan zai yi ta maimaita karatu a wuri ɗaya, shi ya sa shiga ke ɗaukar minti goma. A Event Viewer, wato kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ƙarƙashin Windows Logs, System, saƙo mai lamba 7 daga disk yana nufin an ci karo da mataccen gurbi, 153 kuma yana nufin sai da aka maimaita aikin. Wanda ya ga haka, abin da zai fara yi shi ne kwashe takardu zuwa wani wuri, mafi muhimmanci da farko. Kada a yi gaggawar sa chkdsk /r, umarnin binciken faifai, domin yana tilasta wa faifan karanta kowane gurbi na tsawon sa'o'i, kuma faifan da ya raunana yana iya ƙarasawa a tsakiyar aikin. Fomatin a kan irin wannan faifai zalunci ne: sabon Windows zai sauka a gurabu masu sauran lafiya, ya yi kamar ya warke, sannan ya sake faɗuwa.

A ra'ayinmu, duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko 11 a kan HDD, babu gyaran da ya kai musanya shi da SSD amfani. A laftof, na inci 2.5 yana shiga ramin tsohon daidai, kuma gigabait 256 ya ishi mai aikin ofis. Idan tsohon faifan lafiyarsa ƙalau, ana iya kwafe shi ɗungurungum zuwa sabon ba tare da an rasa ko manhaja ɗaya ba. A saya a wajen wanda zai karɓi kayansa in sun ba da matsala, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. A kuma bar wa faifan C sarari, aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

A wannan shafi na Performance ɗin a duba Memory, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya wa Windows 11, kuma mafi ƙaranci ba ya nufin wadata. Idan RAM ta cika, Windows tana juye ragowar a faifai, sai nauyin ya sake komawa kan faifan da dama ya gaji. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ana ta cusa Windows 11 a kan tsofaffin na'urori masu HDD da gigabait 4, kuma irin waɗannan ba za su taɓa shiga da sauri ba. A kai RAM gigabait 8, bayan an tabbatar da nau'inta, DDR3 ce ko DDR3L ko DDR4, domin ba sa maye gurbin juna yadda aka ga dama.

Sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. A danna CPU a duba Speed. Idan na'urar da aka rubuta mata 2.4 GHz tana tsaye a 0.79 ko ƙasa da haka ko da ana aiki, an taƙaita ta ne, kuma dalili biyu suka fi yawa a wajenmu. Na farko zafi: ƙurar hunturu tana toshe fanka da haƙoran da iska ke bi, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, zafi ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai furosesa ta rage gudu don kada ta ƙone. Maganinsa a buɗe, a share, a goge tsohon man a sa sabo ɗan kaɗan. Na biyu caja. Laftof ɗin Dell, alal misali, tana gane ƙarfin cajarta ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakin cajar. Idan tsinken ya karye ko cajar jabu ce, na'urar za ta yi gargaɗi wajen tashi cewa ba ta gane cajar ba, ta rage gudun furosesa, sau da yawa ta ƙi cajin batir. Mutane kan danna su wuce gargaɗin, sannan su ɗora wa Windows laifi.

Idan na'urar ta tsallake duk wannan, sai a waiwayi masu rububin tashi. A Task Manager akwai shafin Startup, a Windows 11 kuma Startup apps. Kowace manhaja an rubuta mata nauyinta. High na nufin ta ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin furosesa ko ta motsa fiye da megabait 3 a faifai wajen tashi. Low na nufin ƙasa da milisakan 300 da ƙasa da kilobait 300. Teams, Spotify, Zoom, manhajojin saukar da bidiyo, masu duba sabuntawa na Adobe da makamantansu, babu wadda dole sai ta tashi tare da Windows. A danna Disable. Wannan ba ya goge manhajar, za ta buɗe duk lokacin da aka neme ta. A bar na sauti, na allon taɓawa da na tsaro. A kuma duba Settings, Accounts, Sign-in options, a kashe zaɓin da ke sake buɗe manhajojin da aka bari a buɗe.

Task Manager ba ya nuna komai. Wasu suna ɓuya a foldar da ake samu in an rubuta shell:startup a akwatin Run, wasu a Task Scheduler da umarnin su tashi At log on. Manhajar Autoruns ta Sysinternals, wadda Microsoft ke rabawa kyauta, tana tattaro su duka a wuri ɗaya. A sa ta ɓoye na Microsoft, a duba shafukan Logon da Scheduled Tasks. Layin da aka shafa wa rawaya yana nufin fayil ɗin da ake kira babu shi. Layin da ba shi da sunan kamfani, yana kuma tashi daga AppData ko Temp da suna marar ma'ana, shi ne abin zargi, musamman a kwamfutar da ake yawan soka mata filash ko aka ɗora mata manhajojin sata. A cire alamar da ke gefensa maimakon a goge shi, don a iya mayarwa. Game da antibairos kuwa, biyu masu gadi a lokaci guda masifa ce: kowane fayil da aka buɗe wajen shiga sai kowannensu ya bincike shi, har su riƙa binciken juna. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar da yawancin mutane. Antibairos ɗin da wa'adinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce a cire shi da manhajar cirewa ta kamfaninsa.

Idan har yanzu ba a kama mai laifi ba, sai a yi tashi mai tsabta. A rubuta msconfig a akwatin Run, a shiga Services, wato sabis-sabis ɗin da ke aiki a bayan fage, a fara sa alama a Hide all Microsoft services, sannan a danna Disable all. Wannan jeri yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya kashe har da na Microsoft zai iya tarar da PIN ɗinsa ya daina aiki, ya kulle kansa a waje. A sake kunnawa. Idan shiga ya yi sauri, mai laifin na cikin waɗanda aka kashe. Kada a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A kunna rabi a gwada. Rabin da jinkirin ya biyo, a sake raba shi biyu. Ko sun kai 32, gwaji biyar ya isa a fito da guda. Kuma kafin a shiga Safe Mode, ko a taɓa saitin BIOS, ko a kwafe faifai, a tabbatar ko an kulle faifan da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, a nemo mabuɗinsa mai jerin lambobi 48 a asusun Microsoft na mai kwamfutar a rubuta a takarda. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa a kulle ba tare da masu su sun sani ba.

Ga mai gyaran da yake son hujja a rubuce, Event Viewer na nan. A bi Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, Diagnostics-Performance, Operational. Saƙo mai lamba 100 yana ba da tsawon tashi a milisakan, 101 yana faɗin sunan manhajar da ta jawo jinkiri, 102 direba, 103 kuma sabis. A ƙarƙashin Windows Logs, Application, saƙonnin Winlogon masu lamba 6005 da 6006 suna faɗin sashen da ya riƙe shiga da adadin daƙiƙoƙin da ya ci. Karanta waɗannan bai fi minti biyar ba.

Furofayil kuwa, babban abokin gabansa ɗaukewar wuta ne. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, ko laftof mai mataccen batir, idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu a NTUSER.DAT, fayil ɗin na iya lalacewa. Wani lokacin Windows ta daɗe tana fama ta shiga, wani lokacin ta haƙura ta buɗe furofayil na wucin gadi. Mai kwamfuta sai ya ga allon aikinsa fayau, hankalinsa ya tashi. Takardunsa suna nan a C:\Users ƙarƙashin sunansa. Saƙo mai lamba 1511 daga User Profile Service yana tabbatar da wannan hali. Abin kiyayewa shi ne duk abin da aka ajiye a furofayil na wucin gadi yana gogewa da an fita. Gyaran da ya fi aminci shi ne a buɗe sabon asusu, a kwashe Desktop, Documents, Downloads da Pictures zuwa cikinsa, a bar NTUSER.DAT da tarkacen AppData a baya, sai abin da aka san ana buƙata kamar fayilolin wasiƙun Outlook. Sannan a sayi UPS ko a canza batir, in ba haka ba za a maimaita.

Kwamfutocin ofis, makarantu da cibiyoyin jarrabawa da ke ƙarƙashin saba guda, wato babbar kwamfutar da ke kula da sauran, suna da nasu ciwon, kuma kusan kullum jira ne. Wanda ya fi yawa shi ne DNS, wato tsarin da ke nemo wa kwamfuta adireshin wata ta hanyar sunanta. Intanet ta yi tsiya wata rana, wani ya zo ya sa 8.8.8.8 na Google a saitin katin netwok, intanet ta dawo, kowa ya ji daɗi. Amma Google bai san sabar ofishinku ba. Daga ranar, duk shiga sai kwamfutar ta nemi sabar da ke tantance ma'aikata ta rasa, ta jira wa'adi ya cika, sannan ta shiga da bayanan da ta adana. A rubuta ipconfig /all a duba: kwamfutar da ke cikin domain, wato rukunin da ke ƙarƙashin sabar ofis, dole DNS ɗinta ya zama na sabar cikin gida, ita sabar ce za ta miƙa tambayoyin waje. Umarnin nltest /dsgetdc: tare da sunan domain zai nuna ko ana samun sabar. Sai faifan netwok da aka haɗa da wata kwamfutar da aka daɗe da kashewa. Net use zai jero su, net use Z: /delete zai cire wanda ya mutu. Haka firintar da aka kwashe daga ofis amma har yanzu doka na cewa a haɗa da ita. A Event Viewer, ƙarƙashin GroupPolicy, Operational, saƙo 8001 yana faɗin daƙiƙoƙin da dokokin mai shiga suka ci, 5016 kuma yana rarraba su sashe-sashe. A duba agogo ma: tsarin Kerberos mai tantance masu shiga ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da saba, kuma ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod idan ya mutu, agogo yakan koma baya duk lokacin da aka zare wuta. Inda ake amfani da furofayil mai bin ma'aikaci daga kwamfuta zuwa kwamfuta, bidiyon biki mai gigabait 3 da aka ajiye a Desktop sai an jawo shi ta waya kafin a shiga. A kwamfutar gida, tarin fayiloli a Desktop ba ya jawo jinkiri mai yawa kamar yadda ake yaɗawa.

Baƙin allo da kibiyar linzami kaɗai bayan shiga yana nufin explorer.exe bai tashi ba ko direban hoto ya maƙale. A danna Windows da Ctrl da Shift da B tare don a farfaɗo da direban. In bai yi ba, a buɗe Task Manager, Run new task, a rubuta explorer.exe. Idan ana zargin fayilolin Windows sun lalace, a fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sannan sfc /scannow. Idan kuma rubutun da ke allo na sabuntawa ne, a sa caja a ƙyale ta ta gama. Kashe ta da ƙarfi a wannan lokaci yana cikin manyan hanyoyin lalata Windows. Manhajojin da ke alƙawarin wanke registry da ƙara gudu kuwa, Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan amfani da su, kuma yawancinsu suna ƙara kansu ne a layin masu tashi.

Masu Linux aikinsu ya fi sauƙi. Umarnin systemd-analyze yana ba da lokacin kowane zango, systemd-analyze blame yana jero sabis-sabis daga mafi jinkiri, journalctl -b kuma yana nuna abin da ya faru da lokacinsa. Jiran daƙiƙa 90 cif yawanci faifai ne da aka rubuta a /etc/fstab amma babu shi a jikin na'urar. A gyara layin ko a ƙara masa nofail. Manhajojin da ke tashi bayan shiga suna cikin ~/.config/autostart.

Ba mu ce fomatin ba shi da rana ba. Idan faifai lafiyayye ne, sabon asusu ma yana jinkiri, tashi mai tsabta bai canza komai ba, DISM da sfc sun kasa, ko bairos ya yi kaka-gida, to sake ɗora Windows ya halatta. Ko a nan, a fara gwada Reset this PC da zaɓin Keep my files, wanda ke cire manhajoji ya bar takardu. In dole sai an goge, mai gyara ya kwafe foldar C:\Users gaba ɗaya zuwa wani faifai, ya buɗe wasu fayiloli a gaban mai kaya don a tabbatar sun kwafu, ya fitar da kalmomin sirrin da burauza ta adana, ya rubuta lasisin manhajojin da aka saya, sannan ya sauke Windows daga shafin Microsoft maimakon kwafin da aka yi wa kwaskwarima. Mai kwamfuta kuma yana da haƙƙin ya ce a nuna masa sakamakon CrystalDiskInfo da shafin Performance kafin ya amince a goge masa komai.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu gyaran kwamfuta, Kano